Hoton Jan Bijimina

Gab da faɗuwar damina ɓarayi suka kore mini shanun huɗa biyu, fari da ja. Suka haɗa da wayata. Hannun da suka karya mini ya warke a karkace. Ban yi kuka ba. Na binne mata da ɗa, bijimi ba zai sa ni kuka ba. Amma gona ba ta jira.

Labari ya iso Gwiwa cewa an kama wasu shanu a wajen Babura, an tara su a Kazaure. Na hau acaɓa na je. Tun daga bakin shinge na hango nawa. Na yi fito, jan ya ɗago kai.

Jami'in da ke tsaron su ya ce, "Baba, duk wanda ya zo nan sai ya ce sa ya ɗaga masa kai. Kawo takardar ciniki, ko hoto."

Takarda ba ni da ita, da baki muke ciniki a kara. Hoto kuwa na ɗauka da yawa, ni da su a gona.

Na nufi shagon mai gyaran waya a bakin kasuwa. Tun can baya shi ya buɗe mini ma'ajiyar hotuna ta intanet, ya ce ko waya ta ɓata suna nan. Bara da ta cika, ya mayar da ni babban tsari, ya haɗa da katina na banki, aka ciri kuɗin. Na ɗauka na saya ke nan, kamar rumbu.

Ya duba a kwamfutarsa, ya yi tsaki.

"Baba, ai ba saye ka yi ba, haya ce. Duk wata suke cira daga katinka."

"Ban ga sun cira ba."

"Me za su cira? Ka taɓa barin ko sisi ya kwana a asusun nan?"

Ban taɓa ba. Kuɗi na shiga nake kwashe su wajen mai POS. Abin da ba ya aljihuna ban yarda nawa ba ne.

"Sun yi ta turo maka saƙo."

"Da Turanci."

Ya ce sai an biya za a buɗe, kuma ƙaramin tsarin ba zai ɗauki kayana ba, sai babban. Na koma gida na auni irin gyaɗar da na ɓoye don shuka, na sayar, na zuba kuɗin a asusu. Na koma shagon. Suka cira, ma'ajiyar ta buɗe.

Ga farin nan, ina riƙe da ƙahonsa. Jan kuwa babu.

Mai gyaran ya ce, "Yaushe ka saye shi?"

"Bayan kaka."

"To lokacin hayar ta riga ta yanke. Abin da ka ɗauka bayan nan bai hau ba, yana cikin wayar."

Na koma wajen jami'in. Ya dubi hoton, ya sa aka kwance farin. Na roƙe shi kan jan, har na durƙusa, abin da ban yi wa ɓarayin ba.

"Tashi, Baba, ka haife ni. Ba hoto, ba zan iya ba."

Na ja farin muka fita. Jan ya biyo mu har inda igiyarsa ta ƙare.

Bijimi ɗaya ba ya jan garma. Rabin gonar na huɗe da aron na maƙwabci, rabin ya kwana. Yanzu ina barin kuɗin hayar a asusu, duk wata su cira.