Manong Teryo, Mai Allurar da Aka Kora Saboda Buhu

A da, kowace safiya, kafin mu gama shanya kifi a bakin ruwa, za ka ji tarin tsohon babur ɗinsa. Kular ƙanƙara ɗaure a baya, allurar haukan kare a ciki, gutsuren burodi a aljihu saboda karnuka masu gardama. Manong Teryo Cabangbang ke nan, wanda ya yi furfura yana yi wa dabbobin unguwarmu allura. A wajenmu Manong ake ce wa babba namiji don girmamawa, mace kuma Manang. Yau yana gida a zaune, an kore shi. Shi ya sa nake magana, kuma ba zan rage murya ba.

Bayan damina karnuka suka fara mutuwa. Kare ya ƙi abinci, ido ya yi rawaya, ya yi ta amai, shi ke nan. Karena Tisoy, mai gadin kifina tun mijina na raye, a kan ƙafata ya cika. Da yake ba a daɗe da yin allura ba, gari ya ɗauka cewa ita ce. Berting mai shagon abincin dabbobi ya fi kowa zaƙewa.

"Manong, yau karen wa za a aika lahira?" in ji shi a tsakiyar kasuwa.

"Kai dai auna kilonka, ƙanena," in ji Teryo. "Naka ma ni na tsira masa allurar, ga shi can yana leƙen tukunyar matarka."

Bai tsaya rantse-rantse ba, ya bi gida-gida. Karnukan da ke cin ragowar shinkafa da kan kifi suna nan garau. Waɗanda muka shagwaɓa da abincin kamfani su ne a ƙasa. To, mu nan ba mai sayen buhu guda. Rabin kilo ake auna maka a farar leda, ba suna, ba komai. Da Teryo ya je wurin wakilin kamfanin, dariya mutumin ya yi: "Manong, ledar ce ta gaya maka namu ne?"

Wakilin ya manta cewa mu ba ma yar da buhu. Da wanda Berting ya juye muke rufe akurkin kaji, da shi nake lulluɓe kifi idan hadari ya taso. Tsohon nan, da ciwon gwiwarsa, ya dinga hawa akurki yana kwance buhunan. Ya iso wurina.

"Manang Pasing, ara mini murfin kifinki."

"Idan ruwa ya sauko fa, kai zan shimfiɗa?"

"Shimfiɗa ni mana, ai na fi buhun faɗi."

A cikin ɗinkin buhunan ga ɓurɓushin abinci, ga tambarin kamfani ɓaro-ɓaro a jiki. Ya kai wa likitar dabbobi a birni, ta gwada, ta ce masarar da aka haɗa abincin da ita ta yi fumfuna, gubarta hanta take ci. Da ya dawo ya hau benci a gaban shagon Berting, ya ce kada wanda ya ƙara saya. Daga nan mutuwa ta tsaya. Kamfani ya turo mota ta kwashe sauran kayan, ko sannu ba su ce mana ba. Shi kuwa Kapitan, shugaban unguwa, da yake ƙanwarsa Berting ke aure, sai ya sallami Teryo, wai ya tayar da hankalin jama'a.

Kai ne aka zaga a kasuwa, Teryo, kuma kai ne ka haƙa ramukan da muka binne karnukanmu. Kai ne ka tsaya a kan benci lokacin da masu manyan baki suka haɗiye harshe. Mai taurin kai a kan gaskiya, na gode, Allah ya ƙara wa gwiwar nan ƙarfi. Ku matasa, idan kuna neman wanda za ku kwaikwaya, ga shi nan, bai mutu ba tukuna.

Amma godiya ba ta mayar da mutum bakin aikinsa. Ranar zaman majalisar unguwa, duk wanda karensa ya rayu ya zo da shi, mu ɗaure su a ƙofar ofishin Kapitan, ba mai kwancewa sai an mayar da Teryo. Ni ba ni da karen kawowa, don haka da bakina zan yi nawa haushin.