Albarkar da Baffa Ya Sa wa Fim

Ran nan ina cikin keke daga Gubi zan shigo garin Bauchi, sai wayar direban ta yi ƙara. Kiɗan gurmi ne ɗan gajere, wanda ake rufewa da tafi biyu. Na ce masa, "Ɗan nan, ka san kiɗan mene ne wannan?" Ya ce, "Na fim ɗin Dillali ne mana, Hajiya." Na danne faɗan da ya taso mini har ya sauke ni, don yaron bai yi mini komai ba.

Kiɗan nan ya girme shi, ya girmi fim ɗin nesa ba kusa ba. Da shi ake buɗe wani wasan kwaikwayo da ake nunawa a talabijin duk ranar Alhamis bayan Magariba, lokacin ina 'yar firamare. Wanda yake fitowa a Dillali a wasan kuwa yayan mahaifina ne, Baffa, gidanmu ɗaya a unguwar Ɗan Iya.

Akwatin talabijin ɗin nasa ne, mai baƙi da fari, mai ƙyaure kamar kabad. Da rani a tsakar gida ake ajiye shi, rabin unguwa ta zube a ƙasa. Da damina kuwa zaure ake shigewa a matse, ga warin jiƙaƙƙiyar tabarma, ga hayaƙin maganin sauro yana sa mu hawaye, amma ba mai motsawa. In an ɗauke wuta sai maƙwabcinmu ya ciro batirin motarsa yana ta mita, alhali shi ne kan gaba wajen dariya.

Dillalin wasan maƙaryaci ne, amma ƙaryarsa ba ta zuwa ko'ina. Zai shafa wa tsohuwar akuya man gyaɗa ta yi ƙyalli, ya rantse ko haihuwar fari ba ta yi ba. Zai nuna wa baƙo ɗakin haya da rani, ya ƙi gaya masa rufin yana yoyo. Kowane mako sai asirinsa ya tonu, wata tsohuwa mai sayar da tuwo ta biyo shi da muciya, hularsa ta faɗi, a saka gurmi, a tashi. Kaka, uwar su Baffa, ita ce ke zama dab da akwatin tana yi masa faɗa: "Kai, ka ji tsoron Allah! Akuyar nan ta girme ka!" Baffa kuwa yana zaune a bayanta yana cin gyaɗa. Akwai makon da ta hana shi furarta kwana biyu saboda abin da ya yi wa baƙon nan.

Baffa na gaske gyaran agogo yake yi a bakin kasuwa, magana ma ba ta dame shi ba. A unguwa shi ake ba ajiya in za a yi tafiya, shi ake kira shaida in za a ɗaura aure ko a raba gado. Amma duk Bauchi ba mai kiransa da sunan yanka. Dillali ake ce masa, daga liman har mai kitso, shi ma ya amsa da murmushi, don ya san da ƙauna ake faɗa.

Abu biyu nake so ka riƙe game da yadda suke aiki, in ba haka ba za ka ce Baffa wawa ne, ni kuwa ba zan yarda ba. Na farko, ba su da labari a rubuce. Da safe ake taruwa a gindin wani mangwaro, shugaban wasan ya faɗi labarin da baki, kowa ya shiga ya yi nasa. Kowa ya san halin wanda yake kwaikwaya, ba sai an gaya wa Baffa cewa Dillali ba ya taɓa kayan maraya ba. Na biyu, kaset kaɗan ne a lokacin, saboda haka wasan wannan mako a kan na makon jiya ake ɗauka. Da aka daina shirin, bayan shekaru masu yawa, ba abin da ya rage sai abin da ke cikin kawunan mutane.

Na yi aure, na zama malamar makaranta, Kaka ta rasu, idanun Baffa suka yi rauni har ya rufe teburin agogo. Wata Asabar na zo gaishe shi, sai na tarar da baƙi a zaure, samari huɗu masu shirya fim. Sun zo da goro da turare da shadda, sun tsuguna, sai "Baba, Baba" suke yi. Suka ce da labarin Dillali iyayensu suka rene su, suna so su mayar da shi fim, amma ba za su taɓa ba sai ya sa albarka. Wallahi na ga fuskar Baffa ta yi haske irin wanda rabona da gani tun ina yarinya. Suka kunna kyamara, ya gyara hula ya ce, "Na ba ku Dillali, ku riƙe shi amana. Allah ya sa albarka."

Bai tambaye su labarin ba. A saninsa labari abu ne da ake faɗa da safe a gindin bishiya, kuma wanda ya zo da goro ya tsuguna maka ba a titsiye shi da tambaya. Ni na ga tulin takardu a hannun ɗayansu, na san labarin ne, zuciyata ta ce in karɓa in karanta masa. Amma 'ya ce ni, a zauren maza, ga baƙi. Na ajiye musu ruwa na koma ciki. Wannan shirun nawa har yau yana ci mini rai.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin, bayan La'asar ne, a wani babban ɗakin taro. Aka zaunar da Baffa a sahun gaba cikin sabuwar shaddar, ni a gefensa don in riƙa gaya masa abin da bai gani ba. Abin da aka fara haskawa fuskarsa ce, ta cika bango, yana sa albarka. Ɗakin ya ɗauki tafi, tsofaffin unguwarmu da suka yi hayar bas suna ta kabbara.

Sai aka shiga labari. Dillalinsu saurayi ne mai jibgegiyar mota da 'yan daba a bayansa. Ba akuya, ba ɗaki mai yoyo. Takardun gidan marayu ya sauya, ya sa aka watso kayansu waje ana tsuga ruwa. Baffa ya karkato yana tambayata, "Me yake yi? Me ya sa yaran suke kuka?" Ina gaya masa rabi ina haɗiye rabi. Can sai ga tsohuwa mai tuwo ta fito da muciyarta, tsofaffin da ke bayanmu suka fara dariya tun kafin ta ɗaga hannu, don sun san abin da zai biyo baya. Sai ƙarar mari ta cika ɗakin, samari suka yi ihu suna buga kujeru.

Baffa ya ce, "Wa aka mara?"

Na ce, "Tsohuwar, Baffa."

Fim ya ƙare ba wanda ya kama Dillali, ya shige motarsa ya tafi. Da muka waiwaya, rabin tsofaffin sun riga sun fice. Shugaban samarin ya zo ya tsuguna yana murna, ya ce, "Baba, ka ji yadda aka karɓe shi? Haka masu kallo suke so yanzu." Baffa ya ce, "To, madalla," ya miƙo mini hannu in tashe shi.

Ba zan yi maka ƙarya ba, yaron gaskiya ya faɗa. Fim ɗin ya karɓu, kowace waya da shi, 'ya'yan cikina ma sun kalla sun sake kalla, suna cewa aiki ya yi kyau. Su ba su rasa komai ba, don ba su san abin da aka ɗauke ba. Mu da muka je neman Alhamis ɗinmu ta da, mu ne muka dawo da ciwon zuciya, kuma ba mu ne ake yi wa fim ɗin ba, sunan kawai aka zo karɓa a wurinmu.

Sunan kuwa yana wuyan Baffa. Yara suka fara binsa in zai tafi masallaci suna "Dillali mai cin gidan marayu!" Iyayensu su tsawatar, gobe a sake. Wannan ya jure. Abin da ya karya shi rabon wani gado ne a layinmu, da aka kira shi shaida kamar kullum, sai wani matashi cikin magadan ya ce a gaban kowa bai yarda ba, ai wannan ne ya sa wa cin dukiyar marayu albarka. Dattawa suka yi ca a kan yaron, amma magana ta riga ta fita. Baffa ya lalubi takalmansa ya dawo gida.

Ya sa na raka shi neman ko da kaset ɗaya ne na tsohon wasan, don ya nuna wa yaran unguwa. A gidan talabijin ɗin aka karɓe mu da mutunci, aka buɗe mana ɗakin ajiya, aka duba har ƙasan kwalaye. Babu. Abokan wasan nasa kuma duk sun riga mu gidan gaskiya, har tsohuwa mai tuwo, wadda ashe a lokacin ba tsohuwa ba ce, garin alli ake zuba mata a kai.

Daga nan ya daina amsa sunan. In an ce Dillali sai ya yi kamar bai ji ba. A ciwonsa na ƙarshe ya kira ni da babban ɗansa ya ce, "In ta Allah ta kasance, ku sanar da sunan da ubana ya raɗa mini. Kada wanda ya ambaci wancan a kan gawata."

Muka cika wasiyya. Da safiyar da ya rasu aka sanar a masallatai, aka aika a wayoyi, da sunansa na yanka da na mahaifinsa. Mutane suka ji, suka ce Allah ya jiƙan Musulmi, suka wuce harkokinsu, don ba su san wane ne ba. Mutumin da ya sa garin nan dariya shekara da shekaru, sahu biyu aka yi masa, na biyun ma bai cika ba. Washegari da labari ya bazu gidan ya cika maƙil, har daga Inkil, kowa da faɗansa: "Haba, don me ba ku ce Dillali ba ne?"

Yanzu talabijin ba ya tara unguwa, kowa da tasa a tafin hannu, kuma na ji an ce ana shirin ci gaban fim ɗin. Na tsani fim ɗin nan, Allah ya sani, ko sunansa ba na son ji. Amma duk duniya ba inda Baffa ya rage yana motsi yana magana sai a farkonsa. In kewarsa ta ishe ni, sai in karɓi wayar autata in buɗe, in ga ya gyara hula, in ji muryarsa yana ba su amana. Yana cewa "Allah ya sa albarka" nake kashewa, in mayar mata da wayarta.