Mai Leƙen Ɗakin Allah

Ɗana Irimiya ne ya fara ba ni labarin mutumin, wai malamin jami'a ne, yana zana madubin da za a harba sama a ga yadda taurari suka taru suka tsufa. Tun da ya san shi, yaron ya daina zuwa coci.

Yau ga su a rumfata. Mutumin siriri, tabarau ɗaure da zare, ko sannu babu. Ya ɗauki sabon kwanona yana juya cikinsa ga rana. Ina jin ba shi da uwa, da ta hana shi leƙen ɗakin Allah.

Na ce, "Malam, ajiye kwanon, ka sakar min ɗa!"

Ko waiwayowa bai yi ba. Ga shi nan yana haska fuskar Irimiya da kwanona, ɗan nawa kuwa sai murmushi.