Ragon da Na Yi wa Raɗa a Bagadaza

Madarumfa zuwa Kano

Tulun Rabi na fara hange, kafin ita kanta. Ƙarfe biyar da rabi na asuba ne, kamyonmu, babbar motar kaya, yana barin Madarumfa, ita kuma tana gangarawa tabki. Shekara biyu ina rubuta mata wasiƙu irin na littattafan soyayya, masu wata da taurari, ban taɓa miƙa mata ko ɗaya ba. Ga kuma wani direba ɗan garin Gabi ya fara zarya gidansu. Na ɗaga hannu, sai dai bayan mun sha kwana.

Kawuna Alhaji Dodo mahauci ne ya ɗauke ni hajji don in riƙe masa takardu. Duwan, wato 'yan kwastan, sun tsare mu awa guda a Ɗan Isa suna shinshinar kilishinsa, har ya yaga musu. Muka ratsa Jibiya da Katsina, muka isa Kano da la'asar. Kwana uku a sansanin alhazai, sannan jirgi zuwa Jidda.

Madina zuwa Bagadaza

Bayan an sauke farali Kawu ya ce sai ya ziyarci kabarin Shehun ɗariƙarsu a Bagadaza. Muka yi kwana biyu a motar safa cikin hamada, ba abinci sai gurasa da dabino. Ni ina kallon taga ina tsara yadda zan mutu saboda Rabi, Kawu yana minshari a kafaɗata. Muka sauka gidan Malam Haruna, wani dattijon tela Bakatsine da ya daɗe a can.

Gidan tarihi

Rana ta uku, ƙarfe tara, Malam Haruna ya kai mu kallon gumakan mutanen da, yana fassara mana bayanin mai gadi. Akwai waɗansu na dutse masu manyan idanu, sun harɗe hannuwa a ƙirji. Wai attajiri ne yakan ajiye nasa a ɗakin bauta ya yi ta roƙo a madadinsa, shi ya tafi harkarsa. Kawu ya ce da za a kai su kasuwar Maradi, ba za su wuni ba.

Wai allolinsu sun gaji da haƙar magudanar ruwa ne suka yi mutum ya karɓe su, daga baya surutunsa ya hana su barci suka sako rigyawa. Kawu ya ce sun yi sa'a ba su zauna kusa da kasuwar Jibiya ba. Wai kuma safe da yamma ana kai wa gunki gasasshen nama, a ja labule, in ya ƙoshi a kai wa sarki saura. Kawu ya tambaya ko an taɓa auna naman kafin a ja labulen.

Sai muka zo kan wata hantar rago ta yumɓu, duk an yi mata rubutu. Mai tambaya yakan raɗa wa rago damuwarsa a kunne, a yanka, boka ya karanta amsar a jikin hanta. Kawu ya leƙa, ya ce an yi wa matsarmamar girma. Ni kuwa sai Rabi ta faɗo mini a rai.

Bayan gidan Malam Haruna

Washegari da hantsi mai masaukinmu ya sayo rago don ban kwana. Na lallaɓa inda aka ɗaure shi, na kama kunnensa, na tambaye shi ko Rabi tana sona. Ina ɗagowa sai ga Kawu da wuƙa a hannu. Ya yanka, ya feɗe, ya ciro hantar ya juya ta a tafinsa.

"Mi ta ce, Kawu?"

"Ta ce ragon ya sha ruwa mai tsutsa. Ka yi istigfari, Sani. Ka iya yi wa rago magana a kunne, ɗiyar mutane ce ta gagare ka?"

Ya rantse in muka kwana a Madarumfa ban faɗa mata da bakina ba, duk mahautan garin za su ji labarin. Hantar kuwa karen maƙwabta ya ba.

Gida

Ta Jidda da Kano muka komo, muka shiga Madarumfa ranar Laraba da azahar. Ko rigar tafiya ban tuɓe ba na je na yi sallama da Rabi a zaurensu. Duk watan da taurarin suka gudu daga kaina, abin da ya fito kawai shi ne ina son in turo magabata. Ta dube ni ta gefen mayafi.

"Da ka ƙara sati guda, Alhaji, da goron direba ka tarar."

Mun gode wa Allah da Ya maido mu lafiya, mun gode wa Malam Haruna. Kawu dai bai cika alkawari ba, kafin magariba labarin ya kai har garin Safo. Har ya rasu, shekara tara bayan haka, samari na zuwa teburinsa su yi ƙasa da murya su ce a duba musu hanta. Yakan yanka musu, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda, ya ce su kai wa yarinyar tun da zafi.