Ranar da Kakata Ta Ƙi Sauka Daga Mota

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, kakata ta taso daga Kano za ta zo wurinmu Abidjan a duba mata ido. Ba ta jin Faransanci, ba ta riƙe waya, wai abin yana mata ƙara a kunne. Sai kawuna na can ya yi yadda aka saba: ya kai ta tasha, ya damƙa hannunta a hannun direba, ya ce ga amana. Ita kuma ya ja mata kunne, kada ta rabu da motar sai wannan direban da bakinsa ya ce an iso.

Ranar isowarta na buga waya ofishin motar a tashar unguwar Adjamé, wata mata ta ce sai bayan azahar. Ni da yayana muka je da wuri, har ina yabon kaina. Muna zuwa aka ce ai motar Kano tun da hantsi ta sauke mutane ta tafi.

Ban san sanda na zauna a kan buhun wani ba. Wanda ya san Adjamé ya san abin da nake hangowa: tsohuwa mai hazo a ido, tsakiyar motocin hayan nan gbaka da masu tura kaya, ba ta iya ko tambayar hanya. Yayana kuwa tagar tikiti ya nufa. Ya buga katako, ya zazzaga wa matar da ke ciki Faransanci da Nushi, yaren 'yan titi, ya ce sai ya sa an rufe kamfanin. Ta dube shi, ta ja tagar ta rufe.

Nima zagin ne cike da bakina. Amma na lura duk tashar nan ita kaɗai ke da lambar direbobi. Na roƙi yayana ya je ya duba masallatan wajen Mairie, ofishin magajin gari, ko wani ya kai ta can. Ya tafi yana huci. Ni kuma na tsaya gefen tagar, hannuna cikin mayafi, na ƙudurta ba inda za ni.

Da ta sake buɗewa na bari ta sallami layin tukuna. Ita ɗaya ce, ga waya tana ta ƙara, ga abincinta ya huce a gefe. Na ce, "Tanti, yi haƙuri da yayana, tsoro ne. Kakarmu ce, ko kalma ɗaya ta Faransanci ba ta ji."

Ta ɗago ta dube ni. Can ta ce ita ce ta amsa wayata da safe, lokacin isowar motar Yamai ta faɗa mini a madadin ta Kano.

Wallahi sai da zagi ya zo mini har baki. Na haɗiye, na ce, "Wannan ya wuce, Tanti. Yanzu ina motar take?"

Ta kira direba, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Na yi ta tsayuwa ina jira. Da ta samu wani abokin aikinsa ne muka ji an canja direba a kan iyaka, wanda aka ba amanar ya juya, bai gaya wa kowa komai ba. Motar kuma tana wurin wanki a Arras, can Treichville. Matar nan ta bar wa wata tagar, ta ɗauki jakarta ta ce in taso. A kan gada muka makale a cunkoso, ina kallon ruwa ina karanta duk abin da ya zo bakina, ita kuma tana cewa yako, yako, sannunsu ta nan.

Muna shiga wurin wankin, masu aikin suka fara dariya tun kafin mu yi tambaya. Suka ce tun safe suke fama, da Jula, da Faransanci, da hannu, tsohuwa ta ƙi motsi. Har ruwa da burodi suka miƙa mata ta taga.

Na hau. Tana can kujerarta, ƙunshinta a cinya, carbi a hannu. Azahar ma a nan ta yi ta a zaune. Na faɗa jikinta ina kuka, ta ture ni ta ce, "Ke 'yar Faransi, miye na kuka? Wanda aka ba amanata bai ce in sauka ba. Waɗannan na san su ne?"

An yi aikin idon lafiya, ta koma gida, har yau tana ba da labarin wai ni ce na ɓata.

Ni dai abin bai sake ni ba. Ko yanzu in aka ce mini mota ta yi latti, ko an yi kuskure a wani ofis, zagi ne ke fara zuwa bakina. Haƙurin nan ba halina ba ne, dole ce ta koya mini, don na ga tagar da ihu ya rufe, kuma hanyar samun kakata tana bayanta. Shi ya sa na ɗaukar wa kaina: ba na zagi, ba na kuma tafiya. In tura hannu cikin mayafi, in jira a gama da layi, in tambaya yanzu ina motar take.