Ceɗiyar Baffa Hamma

Mutane sun ce in rubuta tarihin manyan da na yi aiki da su a gonar gwaji. Manya me? Su sun samu masu rubuta su. Ni Maniru, Baffa Hamma zan rubuta, don ni na cuce shi.

Bafillace ne na wajen Tamawa, dogo, siriri, ba ya son yawan magana. Ciwon bushiya ya share masa garke, sai ya ajiye sanda ya karɓi aikin kula da kayan awon yanayi a wata ƙaramar gonar gwaji ta ƙasar Kurfi, a shekarar 1952. Aka ba shi bukka a cikin shingen gonar, shi da matarsa Inno.

Kayan ba su da yawa. Akwai gwangwanin awon ruwan sama mai mazurari, da farin akwati mai ƙafa huɗu inda ma'aunin zafi ke zaune. Kullum da hantsi zai juye ruwan da ya taru cikin kwalba mai zane, ya rubuta da ajami. Ya kankare gidan zanzaro daga mazurari, ya wanke lagwanin ma'auni ya ƙara masa ruwa, ya kaɗe gara daga ƙafafun akwati, ya cire ciyawa da hannu. Yadda ya riƙe shanu, haka ya riƙe su. Ko akuyar hakimi ce ta leƙo, sai ta ji a jikinta.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Hawwa'u. Ta fara tafiya ke nan ƙyanda ta ɗauke ta. Aka rufe ta a bayan bukka, kamar yadda ake yi wa ƙananan yara. Inno ta saro reshen ceɗiya ta kafa a gefen wurin, wai kada rana ta yi wa yarinya yawa. Damina biyu bayan nan Inno ma ta bi 'yarta. Daga ranar, kafin gwangwani ya ga Baffa, ceɗiya ta sha ruwa.

Ita kuwa ceɗiya ba ta san dokar ofis ba. Doka ta ce tsakanin gwangwani da kowane itace a bar tazarar tsawon itacen sau biyu, kada ganye ya tare ruwa. Baffa ya san dokar sarai. Da itace ya fara tashi, sai ya yi dabara: kowace bazara ya tone gwangwani, ya matsar da shi taki biyu gabas, ya daddale ƙasa. Ba wanda ya lura.

Sai ga ni a 1963, sabon malamin gona, da gajeren wando da fensir a bayan kunne, ina ji kamar ni na ƙirƙiro ruwan sama. Baffa ya karɓe ni hannu biyu. Fura ya dama mini a ƙarƙashin ceɗiyar nan, na sha na yi gyatsa. Sannan na zaro taswirar gona da igiyar awo, na ga gwangwani ya bar wurinsa da taki goma sha huɗu.

Na ce, "Baffa, wa ya taɓa wannan?"

Ya ce, "Ni ne, Malam. Ruwan ai ɗaya ne, ban rage ko ɗigo ba."

Ya ja ni bayan bukka ya nuna mini ɗan tudun kabarin 'yarsa, ya gaya mini komai. Na ji tausayi, wallahi na ji. Amma son a ce yaron nan yana da ido ya fi ƙarfina. Na rubuta rahoto shafi biyu, har da ja layi.

Babbanmu ya zo a mota. Ya ce awon shekara da shekaru ba ya da amfani in ba wuri ɗaya aka yi shi ba. A maida gwangwani inda yake a da, a sare itace. In Baffa ya ƙi, ya tattara ya bar gonar, a kawo wani ya sare. Kun ga ko ta ina ceɗiya ta tafi. Abin da ya rage masa kawai, ya zauna kusa da 'yarsa ko ya bar ta.

Leburori suka kawo gatari, ya ce su ajiye. Shi ya hau da kansa, tsoho mai furfura. Reshe ɗaya-ɗaya yake sara, ya ɗaura igiya ya sauke a hankali, don kada wani ya faɗa kan kabarin. Kwana uku ya yi. Ni ina tsaye da takarda a hannu kamar dolo.

Bai taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya ci gaba da gaishe ni, yana wanke lagwani, yana rubuta ajaminsa. In rana ta take, sai ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa kan ɗan tudun nan ya danne da duwatsu. Ya rame, tari ya kama shi.

Bayan shekara uku takarda ta zo. An ga ya fi sauƙi a kwashe kayan awon a kai Dutsin-Ma, kusa da ofis. Ni aka ba ta in kai. Na same shi yana shafa wa akwati farin fenti. Na karanta masa. Ya ajiye burushi, ya dubi gwangwani, ya dubi kututturen. Sannan ya juyo gare ni, ba faɗa, tambaya ce kawai yake yi.

"Malam, ashe dama ana iya matsar da shi?"

Bai kai damina ba. Allah ya jiƙansa. Yau na haura saba'in, ban samo abin da zan ce masa ba.