Shekarar da Goggo Ta Manta Sunana

Wata safiyar Juma'a, a daminar da nake aji huɗu na firamare, Goggo Asabe ta tsaya gaban tanda riƙe da ludayin ƙullu, tana kallonsa kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Waina tana ƙonewa, yara masu saye sun yi cirko-cirko a soro. Da na taɓa ta, sai ta tambaye ni a hankali wai ni 'yar gidan wa ce.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ta ɗauke ni riƙo tun daga yaye, a gidanmu na Ƙofar Kibo. Aikina jan ruwa a rijiya, kai niƙan shinkafa da hura wuta, in na gama in ruga lungu mu yi 'yar gala-gala har a kira magariba. Tari kuwa ta daɗe da shi, da shi ma muke gane ta tashi. In an yi mata maganar asibiti sai ta ce, "Hayaƙi ne, mun saba da juna."

Bayan ranar nan ciwon kai ya matsa mata, hannun dama ya yi nauyi, rannan ta faɗi tana jijjiga. Maƙwabta suka ce iskoki ne, aka yi ta rubutu da turare. Da Baba ya kai ta asibiti, likita ya ce ciwon daji ne a huhu, har ya haura ƙwaƙwalwa, lokaci ya ƙure. Aka dawo da ita gida da maganin rage raɗaɗi.

Daga nan ta koma kirana Ladi, sunan ƙanwarsu da ta rasu suna yara. Na kai wa Baba ƙara ina kuka. Ya share min hawaye ya ce, "Amsa mata, uwata. Duk duniya ba wadda ta so kamar Ladi." Sai na riƙa amsawa. Ina ba ta kunu da cokali, ina taje mata kai, ita kuma tana tuna min yadda wai muka tsinko mangwaron maƙwabta aka biyo mu da gudu, mu yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Ta rasu bayan girbi, hannunta cikin nawa.

Yanzu 'ya'yana suna kirana Mama, a wurin aiki kuma Hajiya, kuma ba sauran wanda ya san wancan sunan. Amma in na ratsa lungunan birni na ji an kira Ladi, har yau sai na waiga. Ban sake samun sunan da ya yi min daɗi kamarsa ba.